Kwana bakwai a kan teku, lissafin Kilomita Biyar

Bangui ba ta da teku. Ruwan gishiri mafi kusa yana Duwala, tafiyar fiye da kilomita 1,400 ta Garoua-Boulaï, hanyar da kayan 'yan kasuwar unguwar Kilomita Biyar ke biyowa. Duk da haka tallar jiragen shaƙatawa na tsibiran Seychelles da Maldives tana iso wayoyin masu fitowa daga Masallacin Koudoukou: farin yashi, shuɗin ruwa, da farashin mako guda a ƙasan hoto. Wanda ya saba sauke kwantena ya san kuɗin da aka rubuta a takarda somin-taɓi ne.

A ce an yi tayin jirgin a kan yuro 50,000. A canjin da ba ya motsi, sefa 655.957 kowane yuro, kusan miliyan 33 ke nan, kuma jirgin da ma'aikatansa kaɗai ka biya. A yarjejeniyar da dillalai suka fi amfani da ita, ta ƙungiyar MYBA, akwai wani kuɗi daban da ake kira APA, wajen kashi 30 cikin ɗari, na mai da cefane da kuɗin tasha. Kyaftin ne ke riƙe da shi. In ya ƙare a tsakiyar tafiya, kai za ka ciko. Tukuicin ma'aikata kuwa sunansa kawai kyauta, ana sa ran kashi 5 zuwa 15. In an haɗa duka an doshi miliyan 46, ba a zo kan harajin ƙasa ba, balle tikitin jirgin sama daga filin M'Poko, wanda sai an yada zango a wata ƙasa.

Rabin kuɗin ake ajiyewa ranar sa hannu. In rasuwa ko wani uzuri ya taso ka fasa, da wuya ka ga ƙwandala. Fitar da kuɗin ma aiki ne, don tun 2019 dokar canji ta bankin BEAC take neman takardun hujja.

To me aka saya? Galibin jiragen nan doka ba ta bari su ɗauki baƙi fiye da 12. Alhajin da ke da mata biyu da 'ya'ya da surukai, wa zai bari a gida, kuma da wane baki zai yi bayani? Tsakanin Mayu da Satumba iskar kudu maso gabas tana tayar da tekun Seychelles, kuma in kyaftin ya ce yau ba fita, magana ta ƙare, ko da kai ka biya. Naman halal sai ka rubuto tun kafin tafiya. Alƙibla ma ba ta zama wuri guda: jirgi a kan anga juyawa yake da iska, inda ka fuskanta da azahar ba nan ba ne da la'asar.

Ba na ƙyashin mai hali ya huta, kuɗinsa ne. Amma a garin nan akwai ruwa, akwai jirage. Ranar 19 ga Afrilun 2024 wani jirgin katako ɗauke da mutum sama da 300, masu zuwa jana'iza, ya kife a kogin Mpoko, aƙalla 58 suka rasu. Tukuicin mako guda na can, kimanin sefa miliyan 3, ya isa sayen rigunan ceto masu yawan gaske ga masu tsallaka kogin Ubangi zuwa Zongo. A nawa lissafin, wannan haya ba ta ci kuɗinta ba.