Daga hasumiyar Jamestown zuwa ruwan Shagari: wa ake haska wa hanya?

Duk wanda ya je unguwar Jamestown da ke Accra, babban birnin Ghana, zai hango wata doguwar hasumiya mai launin ja da fari a bakin teku. Turawan Ingila ne suka fara gina ta a 1871, sannan aka sake ta da wadda ake gani yanzu a shekarun 1930. Tsawonta mita 28 ne.

Aikinta ɗaya ne: ta haska wa jiragen ruwa hanya da dare. A wancan zamani Accra ba ta da tasha mai zurfi, don haka manyan jirage a nesa suke tsayawa, ƙananan kwale-kwale su riƙa jigilar kaya zuwa gaɓa. Ta nan ne fataken Hausawa suka riƙa tura goro zuwa Legas, maimakon doguwar tafiyar ƙasa ta hanyar Gwanja. Da aka buɗe tashar Tema a 1962, sai harkar ta koma can.

Yau baƙi ne ke hawa matakalarta, su leƙa jiragen masunta da tsohon kurkukun James Fort, su ɗauki hoto su sauko.

Abin lura shi ne ba a gina ta don tausayin masunta ba. Dukiya ce ke bi ta wurin, shi ya sa aka kashe kuɗi.

A nan gida, matafiyin da ya baro Sakkwato ya wuce Bodinga ya isa Shagari zai tarar da ruwan da talakawa ke tsallakawa kullum, amma ba kayan 'yan kasuwar Turai yake ɗauke da su ba. A watan Afrilun 2022 mutum 29, akasari yara da matasa daga Gidan Magana, suka rasu a kifewar kwale-kwale. A watan Mayun 2023 aka sake rasa aƙalla yara 15 daga Dandeji. Duka tafiye-tafiyen biyu na neman itacen girki ne.

Gaskiya ko da akwai hasumiya a Shagari ba za ta cece su ba, domin da rana abin ya faru. Abin da ake bukata bai kai tsadar gini ba: rigunan ceto, jirage masu ƙwari, da mutum a mashiga wanda zai ƙirga fasinja ya ce ya isa haka. Hukumar NIWA tana da dokoki kan lodi da sanya rigar ceto. Sai dai a watan Agustan 2025 wani jirgin ya sake kifewa da masu zuwa kasuwar Goronyo.