Wasiƙa Zuwa ga Magina Dogayen Benaye

Zuwa ga 'yan'uwana ma'abota sana'ar gini, masu zana taswira da injiniyoyi da 'yan kwangila da shugabannin birkiloli.

Dalilin wannan takarda shi ne, na ga zamani ya kawo mu inda fili ya yi tsada a Abuja da Kano da Kaduna, har masu dukiya suka fara ɗaga kai sama, suna zuwa wurinku da buƙatar gidajen kwana masu hawa goma ko goma sha biyar. Kuma da yake galibinmu a kan gidan ƙasa da bene mai hawa ɗaya ko biyu muka koyi aiki, inda in an yi kuskure sai a rushe bango a sake, na ga ya wajaba in tunatar da ku cewa dogon bene ba ya karɓar irin wannan gyara. Abin da aka binne a harsashinsa ya binnu ke nan, kuma ginshiƙin da aka zuba a hawa na farko shi zai ɗauki duk abin da za a ɗora har ƙoli, ko ya iya ko bai iya ba. Magabata sun ce tun ran gini tun ran zane. Saboda haka nasihata kaf a kan watannin da ke gabanin sara ƙasa take, lokacin da babu kome a filin sai ciyawa, mai kuɗi kuwa yana ta ƙorafi wai ba a fara aiki ba.

Ku fara da ƙasa, kada ku gaskata fuskarta. Duk wanda ya san Kano ya san kududdufan da aka haƙa a dā don ɗibar ƙasar gini, waɗanda aka yi shekaru ana cika su da shara da toka da ɓaraguzai har suka daidaita da hanya, aka yanka su fuloti; wanda ya zo yau ba zai ga alama ba, sai dai in ya zauna da dattawan unguwa sun gaya masa cewa a nan suka yi iyo suna yara. Haka baƙar lakar nan ta wajen Tafkin Chadi, wadda ke kumbura da damina ta tsattsage da rani, tana ɗaga gini tana sauke shi. To, a kawo masu injin huda ƙasa su huda wurare da dama a cikin filin, su ciro samfuri daga kowane zurfi, a kai ɗakin gwaji, a kuma san inda ruwa yake tsayawa a tsakiyar damina, domin ramin da aka gani busasshe a watan Maris yana iya zama rijiya a watan Agusta. Da wannan sakamako ne injiniya zai yanke hukunci, ko a shimfiɗa faifan kankare guda a ƙarƙashin ginin duka, ko a kafa turaku su nutse har su taka ƙasa mai ƙarfi. Wanda ya ari sakamakon maƙwabcinsa don tsimin kuɗi, ya gina a kan zato.

Sa'an nan lissafin nauyi. Kankare mai faɗi da tsawo da zurfin mita guda ya kai kimanin kilo 2,400, lita dubu ta ruwa kuwa tan guda ce cif. Ashe tankin lita 20,000 da aka tuna da shi bayan an gama, aka ce a ɗora a kan rufi, tan ashirin ne aka aza wa ginshiƙan da ba a shawarce su ba. Amma abin da na fi so ku yi tadabburi a kansa shi ne tambayar da ba a cika yi ba: in wani sashe guda ya gaza, me zai sami saura? A ranar 16 ga Mayu, 1968, a gabashin London, iskar gas ta fashe a ɗakin girki na hawa na 18 a wani bene mai hawa 22 da ake kira Ronan Point, wanda bai fi 'yan watanni da tarewa ba. Fashewar ba ta kai ta kashe matar da ta kunna ashana a ɗakin ba, amma ta ture bango guda wanda ke ɗauke da na samansa, sai na sama suka rufto, nauyinsu ya karya na ƙasa, kusurwar ginin ta zube tun daga sama har ƙasa, mutum huɗu suka rasu. Da aka zo kwance ginin a 1986, aka tarar wasu mahaɗan bangayen, inda ya kamata a cika da siminti, shara aka cusa. Bayan wannan musiba Ingila ta gyara dokar gininta, ta wajabta a ɗaure sassan dogon gini da juna yadda in ɗaya ya tafi sauran za su raba nauyinsa. Wannan ɗauri a kan takarda ake ƙulla shi, sa'an nan a tsayar da amintaccen mutum ya ga an yi shi.

Kuma ku yanke yawan hawa tun farko, ku rubuta, ku sa hannu. Mun sha ganin mai gini, da ya ga aiki ya yi kyau kuma masu saye sun yi layi, sai ya ce, "Injiniya, a ƙara mana hawa biyu mana, ai ginin zai ɗauka." A nan ake gane mai amana. Benen nan mai hawa 21 da ya rushe a titin Gerrard da ke Ikoyi a Legas, ranar 1 ga Nuwamba, 2021, ya hallaka fiye da mutum arba'in, galibinsu ma'aikata masu neman abincin yini. Kuma an ga takardar da injiniyoyin farko suka rubuta tun a 2020 suna janye hannunsu daga aikin. Janyewar ta kuɓutar da sunansu, amma aiki bai tsaya ba. A ra'ayina, wanda ya ga haɗari har ya janye, bai sauke nauyin da ke wuyansa ba sai ya sanar da hukumar da ke da ikon rufe wurin.

Yanzu bari in zo ga abin da masu taswira suka fi sakaci da shi, wato mutanen da za su zauna ciki. Taswirar da aka kwafo daga ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa, famfo ba ya ƙafewa, ba za ta san halinmu ba. Ɗan ga-ruwa ba zai hau hawa na goma da jarka ba. Saboda haka tun yanzu a san daga ina ruwa zai zo, ina za a tara shi, wane inji zai tura shi sama, kuma me zai tura shi ran da wannan ya lalace. A san cewa ruwan da ke saukowa daga ƙoli ƙarfinsa ƙaruwa yake yi da kowane hawa, har ya fasa bututun mutanen ƙasa in ba a karya ƙarfinsa a hanya ba. Lif kuma kada ya zama guda ɗaya tak, kuma a ba shi wutarsa ta daban, don kada tsohuwa mai ciwon gwiwa ta zama fursuna a ɗakinta. Ku auna cikin lif ɗin da makara. Na san maganar ba ta da daɗin ji, amma duk gidan da ake haihuwa a cikinsa za a yi rasuwa, kuma bai kamata a tsayar da mamaci a tsaye ko a riƙa karkata shi a kwanar matakala ba, alhali ƙarin 'yan taƙi a kan takarda ya isa ya kiyaye masa alfarmarsa. Haka ku tambayi kanku inda za a yi daka, da inda za a ɗaure ragon layya, da inda maigida zai sauki baƙon da ba muharrami ba, tun da babu zaure.

Matakala kuwa a yi biyu, nesa da juna, da ƙofofi masu tare hayaƙi. Benen Grenfell na London, mai hawa 24, matakala ɗaya gare shi, kuma an lulluɓe bayansa da wani abin ado mai cin wuta. Gobarar da ta tashi a cikinsa a watan Yuni na 2017 ta ci rai 72. Ku je ofishin 'yan kwana-kwana na garinku ku tambayi iyakar inda tsaninsu yake kaiwa, domin duk hawan da ya wuce nan, ginin ne da kansa zai ceci mutanensa.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabci, wanda malaman fiƙihunmu na Malikiyya suka yi dogon bayani a kansa. Ibn al-Rami, wani magini na Tunis a ƙarni na 14, wanda alƙalai ke aikawa ya duba rigingimun gini, ya wallafa littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen gine-gine, kuma cikin manyan mas'alolinsa akwai tagar da ke leƙa gidan wani. To, in tagar soro guda ta isa a kai ƙara gaban alƙali, ina ga bene mai hawa goma sha biyu da aka dasa a tsakiyar unguwa, wanda barandarsa ke kallon tsakar gida hamsin, inda mata ke girki da wanki ba lulluɓi? Juya fuskar ginin, da ɗaga tagogi, da sa musu asabari na ƙarfe ko na siminti, duk abu ne mai sauƙi muddin ana kan takarda.

Daga ƙarshe, a daidaita kuɗi da lokaci kafin a kira lebura ko ɗaya. Kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka lissafa masa, kuma ba ya jin lallashi; a sa wannan a jadawalin aiki, a ajiye kuɗin gwada samfurin kowane zubi da na kowane rodi da aka sauke, a san inda motar yashi za ta juya da inda injin ɗaga kaya zai tsaya ba tare da ya rataya a kan rufin mutane ba. In kuɗin mai gini na hawa shida ne, a zana masa shida ya gama, ya fi a fara goma sha biyu a tsaya, rodi ya yi damina uku a waje yana tsatsa. Takardar izini daga hukumar tsara birni kuma a karɓe ta kafin a fara, kuma abin da aka amince da shi a cikinta shi za a gina. Duk canjin da ya taso daga baya, komai ƙanƙantarsa, a mayar wa injiniya ya sake lissafi, ya sa hannu da kwanan wata, a ajiye kwafi a wurin aiki inda kowa zai iya gani.

Allah ya kiyaye ku da waɗanda ke aiki a ƙarƙashinku. Haza wassalam.