Kafin A Kira Tifa, A San Abin Da Za Ta Juye

Duk wanda ya bi hanyar Katsina daga Kano a 'yan shekarun nan, ya wuce kasuwar hatsi ta Dawanau ya nufi Tumfafi da Kwa, zai ga yadda sababbin gidaje suke ta tsirowa a inda a da sai gero da dawa da gyaɗa. Da yawa daga cikin masu waɗannan gidaje ma'aikatan gwamnati ne da malaman makaranta, waɗanda fuloti a cikin birni ya fi ƙarfin aljihunsu, suka fito ƙasar Dawakin Tofa suka sayi fili, suna gini a hankali gwargwadon albashi. Bayan an ɗora kwano an tare, sai a koma kan gyaran tsakar gida da ƙofar gida: a yi cike, a yi daɓe, a fitar da magudanar ruwa, a dasa 'yan itatuwa domin inuwa. A nan ne fa mutane da dama suke asarar kuɗinsu, domin abin da aka saba shi ne maigida ya ce wa direba ko ɗan kamasho, "A kawo mini tifa biyu," ba tare da ya faɗi irin abin da yake so ba, balle ya tambayi inda za a haƙo shi.

Alhali kuwa kowane aiki da irin kayansa. Burji, watau jar ƙasar nan mai ƙananan tsakuwa, shi ne na cike da hanyar mota, domin idan aka yayyafa masa ruwa aka daddale shi yakan kama ya yi tauri. Yashin kogi mai kaushi shi ne na kankare da buga bulo, mai laushi kuwa na shafen bango ne. Tsakuwar da aka fasa da inji ta fi ta kogi mai santsi kama siminti, saboda kaifin gefenta. Baƙar ƙasa mai taki kuwa amfaninta ɗaya ne, watau shuka. Wanda ya yi cike da ita, da zarar ruwan Agusta ya sauka za ta jiƙe ta zauna, daɓen da aka yi a kanta ya tsattsage, ruwa ya kwanta a gindin bango. Haka nan wanda ya dasa mangwaro ko darbejiya a cikin burjin da aka daddale, zai yi ta ban ruwa itacen bai yi wani abin kirki ba.

Gane nagari daga maras kyau ba ya bukatar ɗakin gwaji. Idan mutum ya damƙi yashi mai ɗan danshi ya murza a tafin hannu, ya ga ya dunƙule ya bar masa laka, to, akwai ƙasa a cikinsa. Wata hanyar kuma ita ce a zuba yashin a kwalba zuwa rabi, a ƙara ruwa, a girgiza sosai, a ajiye ta kwana. Yashin zai kwanta a ƙasa, laka ta hau kansa; in aka ga lakar ta yi kauri, wannan yashi ba na siminti ba ne, domin laka tana hana siminti kama ƙwayoyin yashi, komai yawan buhunan da aka zuba.

Sai batun awo. Kalmar "tifa" ba mudu ba ce, domin akwai ƙarama akwai babba, kuma ko babbar ma ana iya kawo ta ba a cike ba. Lissafin da ake bukata bai wuce na ɗan aji shida na firamare ba. Alal misali, tsakar gida mai tsawon mita 10 da faɗin mita 8, idan ana son ɗaga ta da santimita 15, za ta ci kubik mita 12 na burji, sa'an nan a ƙara wani abu a kai domin cike yana raguwa in an daddale shi. Akwatin motar da tsawonsa mita 4 ne, faɗinsa mita 2, zurfinsa mita 1, kubik mita 8 yake ɗauka in an cika shi baki da baki. Ke nan wanda ya auna filinsa, ya kuma auna akwatin motar kafin a juye, ya san abin da ya biya. Har ila yau, yashi mai danshi yakan kumbura har ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na girmansa, saboda haka sayensa da rani ya fi riba, ga shi kuma a lokacin hanyoyin ƙauye ba su yi caɓi ba.

To, amma akwai tambayar da ta fi duk waɗannan muhimmanci, ita ce, daga ina aka haƙo? Ƙasar Dawakin Tofa tana cikin yankin nan na kewayen Kano wanda masana suka daɗe suna mamakinsa saboda yawan jama'a da yadda ake noma gona kowace shekara ba a bar ta ta huta ba. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi nazarin wannan yanki tun cikin shekarun 1960, ya kuma nuna cewa sirrin abin shi ne taki: na dabbobin gida, da toka, da sharar birni wadda ake ɗaukowa a mangala bisa jakuna. Watau albarkar da ke cikin ƙasar saman gonakin nan gumin kaka da kakanni ne. Masana harkar ƙasa sun ce santimita ɗaya tak na irin wannan ƙasa yakan ɗauki ɗaruruwan shekaru kafin ya samu, ga shi kuwa motar haƙa tana kwashe ta cikin yini guda.

Manomin da bukata ta matsa masa, ya bari aka haƙi gonarsa, kuɗin da ya karɓa ba ya kai shi wata damina, abin da zai bar wa 'ya'yansa kuwa rami ne. Ba shi kaɗai abin yake shafa ba. Gefen ramin yakan rushe ya ci gonar maƙwabci, ruwa ya taru ya zama kududdufi, sauro ya samu wurin hayayyafa, yara masu zuwa wanka su shiga hatsari. Haka nan kwasar yashi a bakin rafi ba bisa ƙa'ida ba tana jawo zaizayar ƙasa, ta kuma raunana gindin kwalbati da gada. Matsalar ba ta Kano kaɗai ba ce, domin a rahoton da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2022, ta ƙiyasta cewa duniya tana cin tan biliyan 50 na yashi da tsakuwa kowace shekara, ba abin da ɗan Adam yake ɗiba fiye da su in ban da ruwa.

Wani zai ce ai dole a yi gini, kuma direbobi da lebura da masu lodi da wannan sana'a suke ciyar da iyalansu. Wannan gaskiya ce, babu kuma mai hankalin da zai nemi a hana su neman halaliyarsu. Ƙasar nan ma ta daɗe da sanin ɗibar ƙasa, domin sunan Dawakin Tofa ya yi nisa wajen ginin tukwane, kuma da ƙasar wurin aka yi tubalin gidajen da. Bambancin shi ne abin da jaki yake ɗiba a shekara, tifa tana kwashe shi a mako. Abin lura kuma shi ne, a wannan al'amari maslahar mai saye da ta manomi ɗaya ce: ƙasar gona da ake kawowa da araha ita ce mafi muni wajen cike da kwaɓin siminti. Duk wanda ya ƙi karɓarta ya tsare kuɗinsa, ya kuma tsare gonar wani.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar Ma'adinai ta 2007 ta sanya haƙar yashi da tsakuwa da burji don kasuwanci a ƙarƙashin izinin Gwamnatin Tarayya, ta kuma wajabta wa mai haƙa ya gyara wurin bayan ya gama. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 kuwa ta bai wa ƙananan hukumomi ikon ba da izinin mallakar filayen karkara. Saboda haka ya kamata Ƙaramar Hukumar Dawakin Tofa, tare da hakimi da dagatai da masu unguwanni, su keɓe wuraren da ba su da amfanin noma domin haƙa, su sa ido a cike ramukan da aka gama da su. Ya kuma kamata ƙungiyoyin direbobin tifa su rubuta awon kowace mota a jikinta, yadda ciniki zai zama a fili, rigima ta ragu.

Shi kuwa maigida, abin da ke kansa bai da wuya. Ya auna filinsa, ya faɗi sunan abin da yake so, ya je ya ga ramin da idonsa ko ya aika magininsa, ya tsaya a wurin ranar da za a juye, kada kuma ya cika kuɗi sai ya duba kayan. Mai son ƙasar shuka ba ya bukatar tifa guda ta gonar wani; ya haƙa raminsa, ya gauraya ƙasar wurin da ruɓaɓɓen taki kamar yadda manoman yankin suke yi tun fil azal. Ɗalibai kuma, musamman masu karatun gine-gine da aikin gona, su ne suka fi dacewa su riƙa taimaka wa iyayensu da wannan lissafi idan sun zo hutu. Hausawa dai sun ce sayen nagari mai da kuɗi gida, kuma tun ran gini tun ran zane.