Manhajar Kasuwanci da Harshen Horarwa: Ina Matsayin Sassan Hausa?

A manyan shagunan Kantin Kwari da kasuwar Singa a Kano, ba abin mamaki ba ne a tarar da kwamfuta a kan teburin akawu, an sa mata manhajar lissafi irin su QuickBooks ko Sage ko Tally, amma dogon littafin nan na bashi shi ne abin dogaro har gobe. Kwamfutar sai dai a buga rasit da ita. Idan aka nemi dalili, akan ce yaran shago ba su da ilimi, ko kuwa suna gudun sabon abu. A ganina wannan amsa ba ta gamsar ba. Laifin ya fi karkata ga yadda ake horar da su, da kuma harshen da ake horarwar da shi.

Abin da ya faru a farkon shekarar 2023 ya isa hujja. Da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi, masu shayi da mahauta da 'yan tireda sun koyi karɓar kuɗi ta waya da na'urar POS cikin 'yan makonni. Babu taron bita, babu takardar shaida. Buƙatar a fili take, malamin kuma maƙwabci ne da ke bayani da Hausar kasuwa, wanda za a iya komawa gare shi gobe idan an manta.

Horon manhajar kasuwanci kuwa, galibi yini ɗaya ne ko biyu. Wakilin kamfani zai zo ya nuna inda ake dannawa, cikin Ingilishi gauraye da Hausa, ya kama gabansa. An koyar da maɓallai, ba a koyar da tunanin da aka gina manhajar a kansa ba. Wannan tunani shi ne tsarin shigar da kowane ciniki sau biyu, a ɓangaren karɓa da na bayarwa, wanda Luca Pacioli ya bayyana a littafinsa da aka buga a Benis a 1494. A nan harshe yake zama tarko. Yaron shago ya saba da saƙon banki, inda kalmar kiredit ke nufin kuɗi sun shigo. A littafin shago kuwa, idan aka yi wa asusun tsabar kuɗi kiredit, kuɗi sun fita ke nan. Haka kuma Bahaushe yana rarrabe bashi da aikatau, ya ce "ina bin sa" ko "yana bi na", alhali manhaja ta mayar da su sunayen asusu biyu na Ingilishi masu kama da juna. Wanda ya shigar da lissafi a baibai sau biyu, maigida ya yi masa faɗa a gaban mutane, to ya koma wa littafinsa ke nan.

Akwai kuma batun dacewa da aikin kansa. Kaya na shigowa a dila, su fita a turmi ko yadi. Farashi sai yadda ciniki ya kaya, dillali yana da la'adarsa, akwai kuma hajar da ake ba yaro bisa amana ya sayar ya kawo kuɗi. Manhajojin suna iya ɗaukar yawancin waɗannan idan an saita su, amma mai horarwar da bai san kasuwa ba ba zai san me zai saita ba. Malaman jami'a ba baƙi ba ne ga irin wannan: ƙorafin ASUU a kan IPPIS ya haɗa da cewa tsarin bai yi la'akari da malaman ziyara da hutun bincike ba, har gwamnatin tarayya ta amince da cire manyan makarantu daga cikinsa a Disambar 2023.

Wani zai ce Ingilishi shi ne harshen lissafin duniya, don haka gara matasa su koye shi. Ba na musun amfaninsa, kuma ba cewa nake yi a goge shi daga allon kwamfuta ba. Abin da nake cewa shi ne a fahimtar da ma'aikaci ma'ana da harshen da yake ciniki da shi, sannan lakabin Ingilishi ya biyo baya. A kuma zaunar da maigida a ajin, domin muddin shi kansa littafi yake nema da yamma, babu yaron da zai wahalar da kansa da kwamfuta.

A nan ne nauyi ya hau kan sassan Hausa. Ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, wanda ya fito a 1990, ya yi wa nazarin harshe da adabi hidima, kuma fannin lissafin kasuwanci na buƙatar irinsa. Sai dai kada a fara daga ofis. Kalmar da aka ƙirƙira a taron masana, kasuwa ba ta san ta ba, a takarda za ta ƙare. Kamata ya yi ɗaliban digiri na biyu da na uku su shiga Kwari da Dawanau da Sabon Gari su tattaro abin da ke bakin 'yan kasuwa, irin su uwar kuɗi da riba da faɗuwa da kwantai da ragi da kafin alƙalami, a zauna da malaman sashen akanta a daidaita kowace da ma'anarta a manhaja. Daga nan a shirya gajerun darussa na murya da bidiyo da za a iya turawa ta WhatsApp, yaro ya saurara a bakin shago lokacin da kasuwa ta lafa. Inda kuma Hausar kasuwa ba ta da kalma, kamar raguwar darajar mota ko janareto shekara bayan shekara, a gwada ƙirƙira da aro duka biyu a gaban akawun shaguna, a riƙe wadda suka ci gaba da faɗa bayan wata guda.