Tagullar Kakanninmu da 'Yan Gwangwan: Ina Ɗaliban Harshe?

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. To amma idan muka dubi yadda muke yi wa tsofaffin kayan tagullarmu, sai a ce wannan karin magana a baki kawai ya tsaya.

Ni ɗan Dogo Tebo ne a garin Potiskum, kuma Hausa ba ita na fara ji a bakin mahaifiyata ba, a unguwa da makaranta na koye ta. Wataƙila shi ya sa ɓatan kalma yake damuna fiye da wanda ya gaje ta. A unguwarmu, kamar sauran wurare, 'yan gwangwan na bin gida-gida da baro. Tsohuwar tasa ko munduwa ko buta da kaka ta bari, a sikeli ake ɗora ta, a biya kuɗin nauyinta, a kai ta a narke. Babu mai tambayar wa ya ƙera ta, balle sunan zanen da ke jikinta.

Bari mu leƙa Ingila mu ga bambanci. Kafin zuwan lantarki, Turawan Ingila da kyandir suke ganin haske, suna kafa shi a kan mazauni na tagulla. Birnin Birmingham ne ya yi fice a wannan sana'a tun ƙarni na 18. Yau masanin irin waɗannan kaya yana iya ƙiyasta shekarun mazaunin kyandir daga siffarsa. Idan an zuba shi gida biyu aka haɗe, har ana ganin layin haɗin, galibi ya girmi wanda aka zuba gaba ɗaya. Mai gindi kamar fure na ƙarni na 18 ne, mai jiki kamar amyar zuma kuwa ya yi tashe zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901. Tun 1842 ake yi wa zanen kayan ado rajista a ƙasar, daga 1884 kuma aka koma buga lambar rajista a jikin kaya. Abin da ya ba mazaunin kyandir daraja ba nauyin ƙarfensa ba ne, iliminsa ne da aka rubuta aka adana.

Shin mu ba mu da irin wannan? Muna da shi mana! A Kano akwai maƙeran baƙi masu fartanya da gatari, akwai maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla, kuma har gobe ana samun kayansu a Kasuwar Kurmi. Nufawan Bida sun shahara da tasoshi da farantai masu zane, har UNESCO ta sanya garin cikin biranen fasahar hannu a 2021. Zanen dagi ma da muke gani a riguna da bangon gidajen sarauta shaida ne cewa adonmu yana da sunaye. Matsalarmu ita ce yawancin sunayen a ƙwaƙwalwar tsofaffi suke, tsofaffin kuwa kullum raguwa suke yi.

Ya kai ɗan'uwa ɗalibi, gwada tambayar ƙannenka mene ne alkuki, wato wurin da ake ajiye fitila, ko aci-bal-bal, ko lagwani. Fitilar caji da tocilan waya sun kori waɗannan kaya, kalmomin ma suna binsu a baya.

Wani zai ce talauci ne ya kawo haka, kuma gaskiya ne. Ba zan zargi uwar da ta sayar da tasa don ta sayi awo ba. Amma ɗaukar hoto da rubuta suna ba su hana ciniki. Bargery, wanda Bature ne, ya bi ƙasar Hausa yana tattara kalmomi har ya fitar da ƙamusunsa a 1934, ba shi da waya mai kyamara. Mu da muke da ita a aljihu, mene ne uzurinmu?

Don haka ina ba da shawara ga 'yan ajin ƙarshe masu neman batun kundi: ku je wurin maƙeran fari da tsofaffin mata, ku rubuta sunan kowane kaya da zanensa da amfaninsa, da Hausa da kuma harsunanmu irin su Ngizim da Bolanci da Karekare. Sashe kuma ya ware kabad ɗaya don adana abin da aka tattaro. Tasar da aka narke ba ta dawowa, amma sunan da aka rubuta yana nan. Allah Ya sa mu dace.