Shirin kai kaji baje koli: ba a fafe gora ranar tafiya

Duk lokacin da aka fara zancen baje kolin noma da kiwo na SAHEL a Yamai, ko wani ƙarami a nan jihar Dosso, sai ƴan ƙungiyoyi su tare ni da tambaya guda: wane zakara ne ya fi girma da kyan gashi? Ni kuwa a ganina ba daga nan ya kamata mu fara ba.

Wani hunturu, a wani ƙauye kusa da Tibiri, wata mata ta dawo daga kasuwa da ƙaton zakara irin Kolonto na yankin Gaya, ta sake shi cikin kajinta a ranar. Kafin sati biyu akurkinta ya zama kango, har na maƙwabta. Cutar Newcastle ce: koren zawo, murɗewar wuya, mutuwa bi da bi. Baje koli ma kasuwa ce, inda kajin garuruwa da yawa ke shaƙar iska guda. Haka murar tsuntsaye, wadda ta fara ɓulla a Nijar a Magariya a 2006, tana bin kajin da ake yawo da su.

Don haka a fara shiri wata guda kafin tafiya. A yi wa kajin gida duka rigakafi, ko allurar ITA-New ko ɗigon ido na I-2, domin kariyar tana ɗaukar kimanin sati biyu kafin ta kama. A ba su maganin tsutsar ciki, a share akurki, a zuba musu toka da rairayi su yi birgima saboda ƙuma da ƙwarƙwata. Abinci kuwa hatsi, dusa, gara, ganyen zogale da ruwa mai tsabta sun isa. Kitsen gaggawa ba lafiya ba ne.

Wajen zaɓe, a riƙe kazar a hannu: ido garau, hanci a bushe, zanko ja, ƙirji cike da tsoka, ƙafafu sumul, gindi babu zawo. Sannan a tambayi mai ita, domin galibi mata ne suka san tarihin kowace: ƙwai nawa take yi, nawa take ƙyanƙyashewa, ƴan tsaki nawa take rayawa? Wannan ita ce kazar da ta cancanci yabo.

Daga Dogondutsi zuwa Yamai kusan kilomita 270 ne. A yi sammako, a sa su a kwando mai iska, kada a ɗaure ƙafafu a rataya a babur.

Wasu za su ce wahalar ta fi kyautar. Amma abin da aka kashe a rigakafi bai kai asarar kaza guda ba. In an dawo, a keɓe waɗanda suka je da duk sabuwar da aka sayo har kwana 21. Ƙungiyar da ba ta tanadi wurin keɓewa ba, shawarata ta haƙura da tafiyar bana.