Kotun Ƙoli da Kuɗin Ƙananan Hukumomi

Zuwa ga Edita,

A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙolin Nijeriya ta umarci a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, duk da cewa sashe na 162 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi asusun haɗin gwiwa, wato lalitar da kuɗin ke fara shiga a hannun jiha. Alƙalan sun fifita manufar sashen a kan lafazinsa, ganin gwamnoni na riƙe kuɗin alhali asibitin ƙauye ba magani, rufin aji kuma yana yoyo. Fassarar ta dace, sai dai asusun yana nan rubuce cikin kundin, saboda haka wajibi ne Majalisar Tarayya da majalisun jihohi su gyara sashen.

Daga wani mai karatu, Kano.